Ƙwan da Bai Fashe Ba

Ƙarfe uku na yammacin Talata waya ta yi ƙara a kan teburin Sufeto. Wani mai faci ne daga tsohuwar hanya. Ya ce ya gangara ƙarƙashin gada zai wanke hannu sai ya ga takalmi, kuma da ƙafa a cikin takalmin.

Sufeto ya ɗauki hularsa ya kira Saje. Tun da aka buɗe sabuwar hanya, wadda sai an biya kuɗi ake hawanta, aka bar tsohuwar ta lalace. Awa biyu suka yi suna kauce wa ramuka, suna wuce gidajen mai da aka rufe da rumfunan da ciyawa ta cinye. Motocin da suka haɗu da su ba su kai biyar ba.

Mamacin zai yi shekara hamsin da ɗoriya. An buge shi a ƙeya da wani abu mai nauyi. Wayarsa da kuɗinsa suna aljihu, ke nan ba 'yan fashi ba ne. A aljihun gaba Saje ya zaro katin wata gonar kaji da ɗan littafi. Layi ɗaya ne a shafin ƙarshe: "Tsohuwar hanya. Tashi, bakwai da minti goma." An bar wurin rubuta lokacin isa fayau.

Washegari da safe suka isa gonar. Kajin na ta kuka a keji, ba wanda ya tuna ya ba su abinci. Matar marigayin na zaune a falo, ta riƙe kofin shayin da ya daɗe da hucewa.

Ta ce motoci biyu ke kai ƙwan gonar babban birni. Ɗaya Baba Direba ke janta, tsohon da ya yi wa mahaifin mijinta aiki. Ɗayar kuma ƙanen mijin ne, wanda kowa ke kira Dogo. Shekara guda ke nan ana gardama ɗaya a gidan. Dogo ya ce sabuwar hanya ta ci kuɗinta, awa uku ka isa. Baba ya ce ɓarna ce, hanyar da ya bi shekara talatin kyauta ba za ta gagare shi yanzu ba, ko awa biyar ce. Ran Litinin sai da Baba da maigidan suka ɗaga murya a kan haka, ma'aikata na ji.

"Jiya da safe me ya ce miki?" in ji Sufeto.

"Ya ce ya gaji da surutu. Zai bi tsohuwar hanya da kansa, da agogo a hannu, ya raba gardamar."

"Motar wa ya shiga?"

"Ina ciki, ban gani ba. Amma wa ke bin tsohuwar hanya in ba Baba ba?"

Dogo na tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Tun kafin a tambaye shi ya miƙo rasit na kuɗin hanya. Ya ce shi ta sabuwar hanya ya bi kamar kullum, kuma shi kaɗai. Rasit ɗin ya nuna an shiga bakwai saura minti goma, an fita goma saura kwata. Ba lambar mota a jiki, ajin mota kawai, kuma motocin gonar duka aji ɗaya ne. Sufeto ya ajiye shi cikin ambulan.

Suka tarar da Baba Direba a bayan gareji yana wanke gilashi, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Sufeto ya tambaye shi hanyar da ya bi jiya.

"Tsohuwa mana, ɗana. Ni ban saba sayen kwalta ba."

"A tsohuwar hanya aka tsinci gawar maigidanka."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. An gaya masa rasuwar, amma ba a gaya masa wurin ba. Saje ya riƙe shi a hankali ya kai shi mota.

A ofishin 'yan sanda, da aka sa shi bayan kanta, Baba ya canja magana. Kansa a ƙasa ya ce ƙarya ya yi. Wata bakwai ke nan yana bin sabuwar hanya a ɓoye, saboda bayansa ya daina ɗaukar ramuka. Daga aljihunsa yake biya. In ya fita sai ya sami inuwa ya ɓata lokaci, don kada a gane. Jiya kuwa tun shida da rabi ya sulale, don kada maigida ya shiga motarsa asirinsa ya tonu, kuma don ruɗewa bai ko tsaya a inuwar ba.

"Mutumin da ya shekara yana zagin hanya a gaban yara, yaya zai ce ita yake bi?" in ji shi.

"Ina rasit?"

Ya ce yana naɗe shi a jikin gwangwanin man zafin da yake shafa wa bayansa, ya cusa ƙarƙashin kujera, in ya kusa gida ya jefar. Jiya da ya duba bai gani ba, ya ɗauka faɗuwa ya yi.

Saje ya je ya bincika motar. Gwangwani na nan, rasit babu.

"Yallaɓai, tsohon nan da safe hanya ɗaya, da rana wata," in ji Saje. "Zuwa yamma zai ce ta jirgi ya bi."

Sufeto bai yi dariya ba. Babban jami'in ofishin ya riga ya sa hannu a fayil: ranar Juma'a da safe za a gurfanar da Baba a kotu kan kisan kai. Mai shekara saba'in, da irin wannan baya, in ya shiga kurkuku ba lallai ya fito da ƙafarsa ba. Saura kwana ɗaya.

Ran Alhamis da sassafe suka kama hanyar babban birni. A shingen shiga sabuwar hanya Saje ya karɓi kati yana gunaguni, wai gwamnati na cajin gwamnati. Motar ta miƙe sumul, ko ruwan da ke cikin kofin Sufeto bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon ruwan.

Shagon dillaliyar ƙwai na can ƙarshen kasuwa, kiret a kan kiret har rufi. Mace ce mai jiki da murya, tana magana tana ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya tana dubawa a haske.

"Ran Talata wa ya fara isowa?" in ji Sufeto.

"Baba. Goma da 'yan mintuna. Har na tsokane shi na ce yau tsohuwar hanya ta yi fiffike ne? Ya haɗe rai ya je ya kwanta a benci."

"Dogo fa?"

"Ɗaya ta wuce. Wai taya ce ta yi faci bayan ya fito daga shinge."

Sufeto ya tambayi lafiyar kayan. Nan ta ajiye ƙwan da ke hannunta. Ta ce shekara ashirin tana wannan sana'a, ko ba a gaya mata ba ƙwai na gaya mata hanyar da ya bi. Na sabuwar hanya yakan zo lafiya lau. Na tsohuwa kuwa sai ka ga kiret na ƙasa ya jiƙe, na gefe ya tsattsage. Kayan Baba ran Talata ko guda bai fashe ba, kuma wata bakwai ke nan haka.

"Na sani sarai ta ina yake bi," ta ce. "Shiru na yi. Tsoho da girmansa."

"Na Dogo fa?"

Ta kai su bayan shago ta nuna musu. Kiret shida ne a jingine, sun bushe da gwaiduwa, ƙudaje na bi. Wari ya sa Saje toshe hanci.

"Faci ba ya yin wannan, ranka ya daɗe. Wannan aikin ramuka ne, ramuka masu yawa, kuma a guje."

Ta ƙara da cewa da Dogo ya iso bai tsaya an sauke kaya ba. Ya ce zai ɗauko ruwa a motar Baba, ya ɗan jima a ciki, Baba na barci a benci.

A shingen fita suka tsaya. Matar da ke karɓar kuɗi a taga ta uku ta yi murmushi da Sufeto ya kwatanta mata tsohon. Ta ce ta san shi. Kullum sai ya ce mata wannan fashi ne da rana tsaka, sannan ya biya, sannan ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ran Talata ma ya wuce wajen goma saura. Dogon mutum mai motar ƙwai kuwa, ranar ba ta gan shi ba.

A mota Sufeto ya buɗe ambulan ya zaro rasit ɗin. Takardar ta lanƙwashe, kamar an naɗe ta a jikin abu mai zagaye. A gefe akwai tabon maiƙo. Ya kai hanci, sannan ya miƙa wa Saje.

"Man zafi," in ji Saje a hankali. Bai sake yin barkwanci ba har suka isa.

La'asar ta yi lokacin da suka shiga gonar, da Baba a kujerar baya, sun biya ofis sun ɗauko shi. Hadari ya haɗu, kajin duk sun yi tsit. Dogo na ofishin yayansa, zaune a kujerar marigayin. Da ya gan su ya miƙe da sauri. Matar marigayin ta biyo su ta tsaya a ƙofa.

"Bayanka na ciwo?" in ji Sufeto.

"A'a, Yallaɓai."

"Kana shafa man zafi?"

"Ni? Warinsa ma ba na so."

Sufeto ya ajiye rasit a kan tebur, ya ajiye gwangwanin Baba kusa da shi. Ya ɗauki takardar ya naɗa a jikin gwangwanin. Ta zauna daram.

"Wace taya ce ta yi faci?"

"Ta baya. Ta hagu."

"Saje ya duba. Ba a kwance ko ɗaya ba, safayarka ma da tsatsa a kusoshinta. Ina sifanar taya?"

Dogo ya kalli ƙofa. Matar yayansa ce a wurin.

"Kiret shida, Dogo. Sabuwar hanya ba ta fasa ƙwai."

Ya koma ya zauna, amma ba a kujerar marigayin ba, a kan buhun abincin kaji. Da ya fara magana muryarsa ta yi ƙasa har sai da Saje ya matso.

Ya ce da Yaya ya fito ya ga Baba ya tafi, sai ya shiga motar shi Dogon ya ce su bi tsohuwar hanya. Suna tafiya suna faɗawa ramuka, Yaya na dariya yana duba agogo. Can ya ce masa ya yanke shawara: gonar zai damƙa wa 'yarsa da ke gama karatun likitan dabbobi, shi kuma Dogo ya ci gaba da tuƙi. Shekara goma sha takwas yana jira a ce masa wani abu, abin da aka ce ke nan. Da suka zo gada Yaya ya ce a tsaya ya duba kaya. Ya sunkuya yana leƙen kiret na ƙasa.

"Hanyar ba kowa," in ji Dogo. "Na duba gaba, na duba baya. Ba kowa. Da ta sabuwa muka bi, da ba inda zan tsaya."

"Rasit fa?"

"Na daɗe da sanin sirrin Baba. Na san inda yake ɓoyewa. Na san kuma ko me za a yi, sai ya fara cewa tsohuwa ya bi."

Baba na jingine da bango. Ya kalli Dogo, yaron da ya koya wa riƙe sitiyari, ya ce, "Ni na goya ka a kujerar gaba ta motar nan."

Matar marigayin ba ta yi kuka ba. Ta matsa gefe ta ba da hanya, ta kauda fuska lokacin da Saje ya sa wa Dogo ankwa. Sannan ta jawo kujera ta ajiye wa Baba, ta ce daga yau gona ce za ta riƙa biya masa kuɗin hanya, ya daina ɓoye takarda. Ya zauna da ƙyar, dafe da ƙugu. Ya buɗe baki kamar zai ce ɓarna ce, sai ya rufe fuska da hannuwa biyu.

An fara yayyafi lokacin da aka sa Dogo a bayan mota. Saje ya tayar da inji ya tambaya ko ofis za su.

"Gada tukuna," in ji Sufeto. "Zai nuna mana inda ya jefa sifanar kafin ruwa ya tafi da ita."

A mararraba fitilun shingen sabuwar hanya na haske a dama, motoci na layi. Saje ya karya hagu. Dogo ya ɗago kai.

"Yallaɓai, don Allah, babu wata hanyar zuwa can?"

"Babu," in ji Sufeto.

Tayar gaba ta faɗa ramin farko.