Taku Ashirin da Biyu

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ƙamshin soyayyar kaza da burodin masara ya cika gidan Mama Loretta da ke birnin Toledo a Amurka. Renita na jera faranti sai ga saurayinta Dorian ya banko ƙofa, waya a hannu, yana ihu kamar wanda ya ci gasa.

"Sun yarda! Renita, sun yarda! Gidan nan mai ruwan ɗorawa ya zama namu!"

Renita ta dire farantin ta daka tsalle. "Mai baranda? Kai Dorian, kar ka yi min wasa da zuciya!"

"Mai baranda, mai bishiyar tufa a baya, mai rufin da ya tsufa ya fi kakata!"

Mama Loretta, mahaifiyar Dorian, ta fito daga kicin da ludayi tana taka rawa. Ai dole su yi murna! Shekara biyu unguwannin garin sun yi tsit, allunan banki a kafe ƙofa-ƙofa a gidajen da aka ƙwace saboda bashi, ciyawa ta cinye farfajiyoyi. Shi kansa Dorian wata goma sha ɗaya ya yi a zaune kafin masana'antar mota ta sake kiransa. Yanzu kuwa, a wannan Maris na 2010, kowa gudu yake, don gwamnati ta ce duk wanda ya sayi gidansa na farko za a mayar masa da dala dubu takwas ta hanyar haraji, muddin ya sa hannu kafin Afrilu ya ƙare. Wanda ya daɗe a gidansa ya sake sayen wani kuma, dubu shida da ɗari biyar. Mama Loretta ma, bayan shekara ashirin da takwas a gida ɗaya, ta riga ta sa hannu a wani ƙaramin gida marar bene, saboda gwiwa da kuma wannan rangwamen.

"Dubu takwas ɗin nan rufi za ta yi," in ji Dorian yana yagar cinyar kaza. "Banki sun ce ashirin da takwas ga Mayu za a ba mu makulli. Mu yi biki sha bakwai ga Afrilu, mu tare a Mayu. Mama, kin ga tsari?"

Mama Loretta ta ɗauko tabarau ta jawo takardun da dillaliya ta ba su. Ita mace ce da ba ta sayen ko gwangwanin wake sai ta karanta bayansa. Tana karantawa tana gyaɗa kai, can sai ta tsaya cak.

"Renita, 'yar nan... gidan da kuke ciki da babanki, sunan wa ke takarda?"

"Sunana, Mama. Shekara uku ke nan. Lokacin da ciwon huhu ya kwantar da Baba, banki suka so karɓe gidan, sai na mayar da shi sunana ina biya."

"Tabɗi!" Mama Loretta ta cire tabarau. "To ku saurara. An rubuta nan ƙarara: in ma'aurata ne, dole dukansu biyu ya zama ba wanda ya mallaki gidan zama a shekara ukun da suka wuce. In Dorian ya karɓi makulli yana gwauro, kuɗi nasa ne. In ya karɓa yana mijinki, ko sisi!"

"To na biyun fa, na masu tsohon gida?" Dorian ya tambaya da sauri.

"Shekara biyar ake so. Ita uku gare ta."

Kaza ta huce a faranti. Renita ta ji kunya ta rufe ta, kai ka ce wani laifi ta aikata, alhali abin da ta yi kawai shi ne ta hana a fitar da mahaifinta titi.

"Abu mai sauƙi," in ji Mama Loretta tana tafa hannu. "A ɗage biki zuwa Yuni. Sati bakwai ne fa kawai!"

"Mama, ba zai yiwu ba," Renita ta ce a hankali. "Likita ya ce duk abin da za mu yi da Baba, mu yi shi da wuri. Shi ya sa muka zaɓi Afrilu."

"Haba 'yar nan! Likita Allah ne? Babanki Clement da na sani tun muna makaranta, taurin kai ma ba zai bar shi ya tafi ba. Dubu takwas fa! Kin san awa nawa ɗana zai tsaya gaban inji kafin ya tara ta?"

Renita ta kalli Dorian. Shi kuwa gogan naka ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Wannan shirun ya fi maganar uwarsa yi mata ciwo.

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. A rana ta huɗu Mama Loretta da kanta ta zo shagon gyaran gashi inda Renita ke aiki, fuska cike da fara'a, ta ja ta gefe.

"Na samo mafita, 'yata! A yi biki a ranarsa, farar riga, kek, mawaƙa, komai. Takardar aure ce kawai ba za a sa wa hannu ba, sai an karɓi makulli ku je ofis ku biyu ku yi abinku shiru. Babanki ya ga biki, gwamnati ta ga gwauro. Wa ya yi asara?"

"Baba zai san haka?"

"Me ya kai shi sani?"

Hawaye suka zubo wa Renita. "Mama, so kike mutumin da ke jan numfashi da tukunyar iska ya miƙa ni a gaban Allah, alhali wasan kwaikwayo muke masa? Ni ba zan iya ba. In dubu takwas ta fi ni, ga zoben ɗanki, ki kai masa."

Ta zare zoben ta saka mata a tafin hannu. Mama Loretta ta fice tana faɗa har bakin mota. "Yaran zamani! Ana nuna musu hanya suna kuka!"

Renita ta koma gida da yamma idanu jajir. Tun daga ƙofa ta jiyo muryar mahaifinta a zaure, yana ƙirge.

"Sha huɗu... sha biyar..."

Baba Clement ne, sanye da takalmansa na coci, yana jan ƙaramar tukunyar iskarsa mai taya, roba a hanci. Tun ranar da aka sa biki ya tura aka auno masa tsawon hanyar da ke tsakanin ƙofar coci da gaban fasto: taku ashirin da biyu. Kullum sai ya gwada. A watan Fabrairu taku takwas yake yi ya zauna.

"Sha bakwai!" ya faɗa kan kujera yana haki yana dariya. "Kin gani? Saura biyar, 'yar Baba! Ke dai ki tanadi hannun da zan riƙe. Af, ina zobenki?"

Kafin ta buɗe baki aka ƙwanƙwasa ƙofar da ta bari a buɗe. Dorian ne tsaye da kayan aiki a jikinsa, zoben a hannunsa. Ashe ya daɗe a wurin, ya ga komai.

"Wurin wanki ta manta shi, Baba," ya ce. Sai ya girgiza kai. "A'a, ƙarya nake. Ni na yi wauta." Ya zauna a ƙasa gaban tsohon ya zayyana masa komai, har da shawarar takardar.

Baba Clement ya ce, "Ɗana, dubu takwas kuɗi ne. Ku ɗage mana. Zan yi ƙoƙari in kai Yuni."

"Baba, ba ƙoƙarin Yuni muke so ba. Taku biyar ɗin nan da suka rage muke so." Ya juya ga Renita. "Na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, ki yafe min. Sha bakwai ga Afrilu, da fasto, da takarda, da sa hannu. In rufi ya yi yoyo, mu tara bokiti!"

"Kai za ka riƙa zubarwa," ta ce tana kuka tana dariya, ta miƙa masa yatsa.

Mama Loretta da ta ji labari sai da ta yi sati ba ta yi musu magana ba. Ta ce an shanye mata ɗa, ta ce ita ba za ta toya ko ƙwai a bikin ba. Renita ba ta mayar da ko kalma ɗaya ba. Duk Asabar sai ta je ta gaishe ta, ta taya ta ɗaure kwalayen ƙaura, ta gyara mata gashi, tana shan harara da tsaki ta dawo.

Ranar biki kuwa, zo ka ga coci! Mawaƙa sun yi shiga shuɗiya, mata sun kafa huluna kamar faranti. Mama Loretta ta zo, fuska a ɗaure, amma fa da tire shida na kaza a bayan mota. Aka buɗe ƙofa, Baba Clement ya bayyana da baƙar kwat, Renita a damansa, tukunyar iska a hagunsa an ɗaura mata farin kintinkiri. Ya fara takawa. A taku na sha tara ya tsaya, ƙirjinsa na sama da ƙasa, cocin ya yi tsit. Sai aka ji wata murya daga layin gaba.

"Taka, Clement! Saura uku! Taka mana, mai taurin kai!"

Mama Loretta ce tsaye, hawaye sun wanke mata hoda. Coci ya ɗauka gaba ɗaya: "Ashirin! Ashirin da ɗaya! Ashirin da biyu!" Tafi ya ɓarke, mai ganga ya saki hannu, fasto kansa sai da ya goge ido. Baba Clement ya ɗora hannun 'yarsa a na Dorian, kuma a gabansa aka sa hannu a takarda.

Ranar ashirin da takwas ga Mayu da aka ba su makulli, a gadon asibiti suka kai wa Baba Clement ya taɓa, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa tun farkon watan. Asabar ta farko a Yuni, ranar da Mama Loretta ta so a mayar da bikin, a wannan cocin aka yi wa gawarsa addu'ar bankwana.

Rufi kuwa ya cika alkawari. Bokiti huɗu suka jera a ɗakin sama, kuma Dorian ke zubarwa. Wata safiya a Oktoba ana yayyafi, sai ga Mama Loretta da lema da ambulan. Ta kalli bokitan ta yi tsaki.

"Wannan gida ne ko rafi? Ungo, 'yata. Nawa rangwamen ne ya iso, dubu shida da ɗari biyar. A kira mai rufi gobe."

"Mama, naki ne fa! Kujerun da kike ta..."

"Rufe min baki! Da kin bi maganata, da na raba ki da abin da duk kuɗin Amurka ba zai sayo miki ba. Kullum na rufe ido sai in ga Clement a taku na sha tara. Ki yafe min, Renita."

Renita ta rungume ta suka yi ta kuka, Dorian na tsaye da bokiti a hannu yana cewa, "To ni wa zai rungume ni?"

Masu karatu, rangwamen gwamnati yana da ranar rufewa, kuma kowa ya san ranar, an buga ta a takarda. Kwanakin iyayenmu ma suna da ranar rufewa, sai dai ba wanda ake bugo wa ita. Renita ta yi haƙuri da surukarta, ta ƙi yi wa mahaifinta ƙarya don kuɗi, sai ga shi ta samu miji, ta samu uwa, ta samu rufi. Takalman cocin Baba Clement suna nan a barandar gidan mai ruwan ɗorawa, kuma duk Lahadi Mama Loretta ce ke goge su.