Shunin Turkudi a Wuyan Isaka

A kasuwar Buza suka fara ganin juna, wata rana mai zafi da har jakai suka gaji da kuka. Isaka ya taso daga Galma da kwandon furen taba, ya zauna gindin bagaruwa yana gyangyaɗi, sai ga wata budurwa ta tsuguna gabansa.

Ai sai barci ya gudu. Kitson doka ne a kanta, an shafe shi da man shanu da shuni yana ɗaukar ido. Ga kwalli, ga ɗigo-ɗigon katambiri a kumatu, in ta motsa kuma jigida ta amsa a ƙarƙashin zane. Da ta buɗe baki, haƙora ja wur, aikin fure da goro. Yau in yarinya ta fito haka sai a ce ta je ta wanke baki. A wancan zamanin kuwa, wayyo, shi ne kwalliya, kuma har gobe akwai tsofaffin da ke cewa da ma a dawo da shi.

"Mai taba, furenka ya yi yaushi," in ji ta.

"Rana ta gajiyar da shi. Ni ma ta gajiyar da ni."

"To mi za ni yi da gajiyayyen fure?"

"Ɗauki ki gwada. In ya kama, kasuwa mai zuwa ki taho in gani."

Ta ɗiba, ta yi gaba ba ta waiwayo ba. Kasuwa na zagayowa sai ga ta. Murmushi kawai ta yi masa ta wuce. Shi ke nan fa, Isaka ya kamu.

Sunanta Yalwa, ɗiyar Malam Dauda na Karofane. Tun daga ranar Isaka ya riƙa taka duwatsun nan na Adar zuwa zance, ƙafa duk faso. Shi yana ce mata Fure, ita tana ce masa Mai taba, ko da babu taba a hannunsa.

Shekarun kuwa ba na soyayya ba ne. Turawa na can suna yaƙinsu, nan kuma a kwashi samari aikin dole, su fasa dutse a hanya su dawo kamar an tatse su. An rufe iyaka da ƙasar Ingilishi, tufa ta ɓace a kasuwa. A wani gidan, yaya da ƙanwa zane ɗaya suke karɓa-karɓa, wadda za ta rijiya ita ke ɗaurawa.

A cikin wannan hali Isaka ya aika manyansa neman aure. Malam Dauda ya ce shi ba shi da ja, amma zancen tufa na mata ne, a ji ta bakin uwar ɗiya. Inna Tabawa kuwa magana ɗaya ta yi: turkudi.

In ba ku san turkudi ba, mayafi ne na ƙananan ƙyallaye da ake rinawa a shuni har ya ƙoshi, a buge shi ya yi ta walƙiya kamar bayan ƙwaro. Ba a wanke shi. Daɗinsa ma shi ne yana zuba a jiki, mace ta yafa shi wuyanta da kafaɗunta su yi shuɗi, kowa ya san ta ɗauki abu mai daraja. Daga wajen Kano ake kawo shi, ga hanya a rufe.

Yalwa ta sami uwarta tana surfe.

"Inna, ina zai samo turkudi a wagga shekara?"

"Ni ban san ba. Ban ce ki auri wanda ba ki so, amma ba ki fita gidan ga da fata fara."

"Tsarata duk sun yi aure, Inna. Na gaji da rakiyar amare."

Tabawa ta jingine taɓarya. "Ina yarinya, a rumfar Buzaye nike daka. Ni ka ninke wa uwargijiyata turkudinta. Ɗiyar manomi ba ta isa ta yafa shi ba. In shunin ya taɓa hannuna, sai in ƙi wanke hannun har shi gushe da kanshi. Ranar da anka haife ki ni yi alkawali. Ki bar ni da alkawalina."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba.

Akwai kuma wani Rabo, gardi ne, wato dogarin Turawa, daga Madawa, mai doki da jar hula, shi ma ya ga Yalwa ya ƙyasa. Aikinsa kama masu ƙetare iyaka da kaya. Ya kawo wa Tabawa farin akoko, ta juya shi ta ce wannan ai sai likkafani. Bai yi fushi ba. Ya ce a ba shi lokaci, turkudi ba ya gagarar mai doki.

Da Isaka ya ji haka, ya zo da la'asar ya tsaya bakin danga.

"Fure, za ni kudu."

"In sunka kama ka hwa?"

"In na zauna ma kama ni za a yi, a kai ni fasa dutse. Gara in wahala don ke."

"Mai taba, ni ba turkudi nika so ba."

"Na sani. Amma Inna na so, ke kuma ta Inna ce."

Ta kwance bakin zanenta ta ba shi ɓarin goro. Ya sayar da rabonsa na hatsi, ya bi ayarin masu satar hanya.

Rani ya shiga, ya yi tsakiya, babu Isaka babu labarinsa. Yalwa ta daina cin fure, jan haƙoranta ya koɗe. Dokarta ta tsufa, ta ƙi zuwa wurin makitsiya. Rabo kuwa duk kasuwa yana nan, yana gaisuwa, yana ajiye goro, ita kuma tana ba tsofaffi.

Sai ana gab da shuka, wata safiya mata na bakin rijiya, Rabo na shayar da dokinsa, aka hango mutum yana jan ƙafa daga kudu. Ya rame, wuya ya yi tsawo, babu ko ƙunshi a hannunsa. Yalwa ta saki guga.

"Mai taba!"

Ta taho da gudu, ta tsaya turus. Daga wuyan rigarsa har ƙarƙashin haɓa, Isaka shuɗi ne shar.

To, a ƙasar nan kowa ya san karatun wannan. In shuni na goshin namiji da kumatunsa, rawani ne. In kuwa yana wuya da ƙirji, ga shi talaka ba rawani, to mace mai turkudi ce ta kwanta a wurin. Matan aure da dama sun kama mazansu da haka.

Dela, wata mai baki kamar reza, ita ta fara guɗa.

"Ayyururui! An tahi neman turkudi, an samo mai turkudin! Isaka, ina ka baro ta? Ko ta fi ƙarfin ƙauye?"

Rijiya ta ɗauki dariya. Yalwa ba ta yi ba.

"Wa ya shafa maka wanga?" ta tambaya, murya can ƙasa.

Isaka ya buɗe baki, ya dubi Rabo da ke riƙe da linzami yana kallonsa tun daga sama har ƙasa, ya rufe bakin.

"Magana nika yi maka."

"Fure, ki bari sai mun je gida."

"Kada ka sake ce mini Fure."

Ta juya, ta nufi Rabo, ta miƙa hannu. Ya zaro goro fari ƙal ya ba ta, ta ɓare shi a gaban kowa ta jefa baki. Ta ɗauki tulunta rabin ruwa ta tafi.

Isaka ya zauna bakin kwamin shayar da dabbobi. Ba shi da ƙarfin bin ta, ba shi da ƙarfin fushi. Ya jira har Rabo ya hau doki ya ɓace bayan dutse, sannan ya miƙe.

Labari ya riga shi isa gidan Malam Dauda. Tabawa ta tare shi a ƙofa da muciya a hannu.

"Mara kunya, da shunin wata za ka shigo mini gida?"

"Inna, ki yi mini rai in shiga daga ciki. In kin gani, ki kore ni."

Malam Dauda ya ce a bar shi. A tsakar gida Isaka ya tuɓe riga. Sai ga turkudi naɗe a jikinsa tun daga kafaɗa har ƙugu, an ɗaure da igiya. Haka ya ɓoye shi tun daga inda ya saye shi, yana tafe yana gumi, bai taɓa kwancewa ba don tsoron gardawa. Da ya warware, inda igiyar ta ci haƙarƙarinsa duk gyambo ne.

Amma turkudin, kayya. Gumi ya cinye shi. Walƙiyar ta mutu, shunin ya koma jikin Isaka, abin da ya saura wani tsumma ne dabbare-dabbare, mai tsamin tafiya. Shi kansa sai a lokacin ya gani. Ya tsaya riƙe da shi.

"Da ni saye shi, Inna, yana ɗaukar ido," in ji shi. "Wallahi yana ɗaukar ido."

Yalwa na bayan rumbu, ta toshe baki da hannu. Ta furzar da sauran goron a ƙasa.

Tabawa ta karɓi mayafin. Ta ɗaga shi ga rana, ta juya, ta sake juyawa, ta daɗe. Ita ta fi kowa sanin turkudi a gidan, ta kuma san wannan ya mutu. Ta dubi haƙarƙarin yaron, ta dubi ɗiyarta da tsohuwar doka ta wargaje mata a ka.

"Yalwa, taho nan. Miƙo hannunki."

Ta lalubi can cikin ninki, inda gumi bai kai sosai ba, ta shiga goga shi a damtsen yarinyar. Ta goga, ta duba, babu. Ta tofa yawu ta ƙara gogawa, har Yalwa ta cije leɓe. Can sai ga wani ɗan dishi-dishi, wanda in ba ka sa ido ba sai ka ce inuwa ce.

"Malam, dubi nan. Ya kama ko bai kama ba?"

Malam Dauda, wanda idonsa ya daɗe da yin hazo, bai ko sunkuya ba. "Ya kama ƙwarai."

"To ya kama," in ji Tabawa. Ta zauna a kan turmi kamar wadda ta sauke kayan shekara da shekaru. "Ku ba shi fura kada shi mutu mini a gida."

Yalwa ce ta kawo furar. Ta tsuguna nesa kaɗan, kanta a sunkuye.

"Mai taba, ka yafe mini."

"Goron nashi da daɗi?"

"Ɗaci."

"To na yafe, Fure."

Washegari Malam Dauda ya aika wa Rabo goronsa da ban haƙuri. Rabo ya ji yadda aka yi, ya ce shi dai bai ga kowa da kaya ba.

Da kaka aka ɗaura aure. Aka sa amarya a lalle, makitsiya ta yini tana tayar da sabuwar doka, aka zuba mata fure har haƙora suka koma garwashi. Dela ce ma kan gaba wajen guɗa. Da za a fita da amarya, Tabawa ta kama hannunta da na babbar ƙawa, ta tsaya bakin ƙofa. Mata na jira ta roƙa wa ango da amarya dukiya da ɗiya goma kamar yadda aka saba.

"Ɗiyata, kun wahala, ke da shi. Allah shi ba ku hutu. Allah shi sa ku kwana ku tashi ba mai kiran mijinki aikin dole, ba mai kiran sunanshi sai ke."

Aka ce amin, har da masu hawaye. Allah kuwa ya karɓa, don sun tsufa tare a Galma, a inuwa ɗaya. Mu ma Allah ya ba mu irin hutun nan.