Wanda Ya Koya Mata Injin

Ranar da Auta ta fara aiki a hukumar ruwa, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube ta. Tsofaffin ma'aikatan nan, ka yi musu tambaya sai ka ce kujerarsu ka zo ɗauka! Tana tsaye gaban injin gwajin ruwa, ƙwalla ta cika mata ido, sai wani dogon saurayi ya matso.

"Kar ki yi mana kuka a kwalba, sakamako zai nuna gishiri. Zo ki gani."

Dariya ta ƙwace mata. Dogo ke nan, shi kaɗai ya iya injin, kuma bai ɓoye mata komai ba. Kafin a ankara, darasi ya zama soyayya.

Da ƙarin girma ya zo, Auta aka ba shugabancin sashen. Mai kula da sito, wadda ta daɗe tana son Dogo, ta raɗa mata wai yana can yana cizon yatsa. Hankalin Auta ya tashi, ta tura masa saƙo:

"Malamina, ka yi nadamar koya min?"

"Nadama kuma? Ɗalibata, tun da na kama aiki sai bana na san hutu. Ni ne da godiya."

Amma da maganar aure ta taso, Babanta, tsohon ma'aikaci, ya ce atafau.

"Ka raba iliminka har yarinya ta hau kanka? Mu a zamaninmu, abin da ka iya shi ne kujerarka. Da me za ka riƙe min 'ya?"

Dogo yana durƙushe ya ce, "Baba, lokacin da ni kaɗai na iya, ina jinyar mahaifiyata aka kira ni ofis. Yanzu da farin ciki nake zuwa aiki."

Mama ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Malam, ranar da na haifi yarinyar nan, kana ina?"

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Ofis. Ba wanda ya iya aikina."

Auta ta ga idon mahaifinta ya kaɗa, tausayinsa ya kama ta.

Ranar ɗaurin aure, ma'aikata suka cika gidan, har mai sito ta zo da kyauta. Baba ya riƙe hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Kai kam, ranar da za a haifa min jika, kana gida."