Hannun Baba da Rumbun Dawa

A shekarar da aka tare ruwa a Kainji, akwai wata yarinya da ke zaune da iyayenta a wani tsibiri kusa da Warra. Babanta Dudu masunci ne. Kakarta Tamada kuwa mai tausa ce, duk tsibirin babu kamarta.

Da la'asar masunta kan dawo a gajiye, kafaɗunsu sun ƙage. Sai su zube a tabarmar Kaka. Ita kuma ta lakato man kaɗe, ta murza a tafinta har ya narke. Ta fara shafawa a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Sai jiki ya ɗumama, sannan ta danna da babban yatsa. Kafin ta gama, ƙaton mutum ya fara minshari.

"Kaka, mi ya sa suke barci?" in ji yarinyar.

"Tausa tana sakin jijiya, jini ya zagaya, gajiya ta fita," in ji Kaka. "Amma ki saurara. Kafin ki danna, ki taɓa, ki tambaya. In wuri ya kumbura yana zafi, ba a tausa shi."

Yarinyar ta ce to. Amma ita dannawar ce ke burge ta, don a nan ne manyan maza ke cewa wash. Maganar kumburi kuwa ta bi ta bayan kunnenta.

Ana nan sai ruwa ya fara hawa. Ya cinye gonar albasa, ya cinye makabarta. Hukuma ta ce kowa ya koma sabon gari da aka gina a tudu. Ranar tashi ta zo, aka sa Kaka a jirgin ruwa. Tana ta waiwayen inda aka binne mijinta, hawaye na zuba.

Inna, mahaifiyar yarinyar, ta tafi da Kaka. Yarinyar ta tsaya tana yi wa Baba girki, shi kuma yana kwashe dawa daga rumbu, yana kaiwa sabon gari a jirginsa. Wannan dawar ce abincinsu na shekara. Saura sawu huɗu ya gama, ruwa kuma ya kusa gindin rumbun.

Da safe Baba ya ɗauko damin dawa, santsi ya kwashe shi a bakin ruwa. Ya dafa ƙasa da hannun dama. Nan da nan wuyan hannun ya kumbura.

"Sannu, Baba! Kawo in tausa maka."

"A'a, ɗiyata. Bari in ɗaure shi, in lallaɓa in tuƙa. In mun isa, kakarki ta gani."

"Na iya, Baba. Kullum ina kallonta."

Baba ya dube ta. Bai so ya kashe mata gwiwa, sai ya miƙa hannun.

Ta taɓa wurin, ta ji zafi rau. Zuciyarta ta ce mata ta bari. Amma tana so a isa sabon gari a ce ita ta gyara hannun Baba. Ta shafa mai, ta danna kumburin da duk ƙarfinta, ta murɗa, ta ja. Baba ya cije leɓe, gumi na karyo masa.

Kafin azahar hannun ya zama kamar tabarya. Ko filafilin tuƙa jirgi bai iya riƙewa. Maƙwabta kuwa kowa yana fama da nasa kaya. Sai washegari wani maƙwabcinsu, Bitrus, ya ɗauke su a jirginsa, da ɗan damin da jirgin ya iya ɗauka.

Suna tafiya yarinyar ta waiwaya. Ruwa ya jiƙa gindin rumbun. Ya karkata, ya karkata, ya kwanta. Zangarniyar dawa ta bazu a kan ruwa. Baba ya kau da kai, ita kuwa ta fashe da kuka.

Da suka isa, Kaka ta ɗora bayan hannunta a kan kumburin.

"Wa ya tausa wanga hannu?"

"Faɗuwa na yi," in ji Baba.

"Na san ka faɗi. Cewa na yi wa ya tausa shi."

Yarinyar ta durƙusa. "Ni ce, Kaka. Na ji zafin, amma na danna. Ni na kashe muna rumbu."

Kaka ta jawo ta jikinta. "Ruwa ne ya ci rumbu, jikata. Abin da kika ɓata hannu ne, shi kuwa da yardar Allah zai gyaru. Targaɗe ne. Hutu yake so da ruwan sanyi, ba danna ba."

Aka kai Baba asibitin Yelwa, aka ce ƙashi bai karye ba. Amma ya yi sati uku bai shiga ruwa ba. Tuwo ya ragu a gidan. Yarinyar ta lura Inna tana tura mata nata rabon, tana cewa ta ƙoshi. Wannan ya fi duka yi mata ciwo. Da maƙwabta suka gane, kowa ya kawo abin da ya samu, wani kwanon gero, wani busasshen kifi.

Da kumburin ya saɓe, Kaka ta kira ta. "Zo ki gyara abin da kika ɓata."

"Tsoro nike ji, Kaka."

"Gara haka. Narka man."

Ta narka man a tafinta. Ta taɓa wurin, ta ji babu zafi. Ta fara shafawa a hankali, daga yatsu zuwa gwiwar hannu.

"Baba, nan da zafi?"

"Kaɗan."

Ta sassauta. "Yanzu fa?"

"Yauwa, haka."

Kullum da la'asar haka take yi, Kaka na zaune tana kallo. Wata rana tana cikin shafawa, sai ta ji minshari. Ta ɗago, ga Baba ya yi barci! Kaka ta yi dariya, dariyarta ta farko tun da suka bar tsibiri.

Bayan kwana biyu Baba ya ɗauki filafili ya shiga sabon tafki, ya dawo da giwan ruwa.

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa kallon aiki ba shi ne iya shi ba. In an koya maka abu, ka riƙe dokarsa duka, kuma abin da ba ka sani ba ka bar wa wanda ya sani.