Motar da Garzali Ya Sauke Ƙasa

Ana gab da kiran sallar magariba, Dije tana tankaɗe garin tuwo a tsakar gidanta da ke Sabon Garin Wudil, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rumfa. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne ke jifan ƙadangare. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban tabarmarta. Ba dutse ba ne. Noti ne, baƙi ƙirin da man inji, da ɗuminsa kamar yanzu aka kwance shi. Ta duba, babu kowa a gidan sai ita da 'yarta Radiyya, ɗanta Garzali ya tafi masallaci.

Garzali ɗalibin injiniya ne a jami'ar garin, kuma in ba a kan mota ba, ba ka jin bakinsa. Mahaifinsa marigayi Inuwa ya bar wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta gudu. Tun da ya rasu aka ɗora ta a kan bulo a rumfar bayan gida, ta yi shekaru a nan. Ko kaji ba sa shiga ƙarƙashinta, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

A hutun da ya wuce ne Garzali ya tashe ta. Tayar da inji bai ishe shi ba, wai so yake ta riƙa lafewa a ƙasa in zai sha kwana. Ya cire kujerar baya don ta rage nauyi, ya sa mata faffaɗan tayoyi, ya huda salansa har in ta yi gurnani tagogin unguwa ke karkarwa. Daga ƙarshe ya cire sifirin ɗinta masu laushi, waɗanda ke shanye gargadar hanya, ya sa gajeru masu tauri. Ranar da ya gama, rana ta yi ja, ya zare bulo ya saki jak, babu bismillah babu komai. Motar ta zauna, cikinta saura ƙiris ya taɓa ƙasa. Ya tsaya yana murmushi, ya kira Radiyya ta zo ta gani.

Kashegari aka fara jifan.

Da fari notoci ne, daga baya har da sufana da guntayen ƙarafa, kullum daga gab da magariba zuwa isha'i. Idan jifan ya lafa, sai a ji nishi daga rumfar mota, siriri, irin na yaron da ya gaji da kuka. Garzali ya ce ƙarfe ne ke hucewa. Dije kuwa ta san motar ba ta fita ba a ranar.

Sai Radiyya ta fara ranƙwafawa. Yarinya doguwa da ake yi wa tsiya wai ta fi ƙofar ɗakinsu tsawo, ta koma tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. An kai ta asibiti, an ɗauki hoton bayanta, ba a ga komai ba. Kafin sati ya zagayo rarrafe take yi, daga nan kuma sai jan ciki, kanta ba ya ɗagowa sama da taƙi ɗaya daga ƙasa. Wata magariba Dije ta same ta a rumfa, kwance kusa da motar, tsayin bayanta daidai da tsayin cikin motar daga ƙasa. A nan Dije ta fashe da kuka, domin ta tabbata in aka ƙara kwanaki 'yarta ba za ta sake tsayawa da ƙafafunta ba.

Aka aika garin Achika aka ɗauko Malam Haladu, tsoho mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya gaisa da mutanen gida a tsanake, ya yi alwala, ya zauna a gefen tabarmar Radiyya ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar yamma ta cinye tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru. Sai yarinyar ta kafe, yatsunta suka nutse cikin tabarma, wata murya ta dattijuwar mace ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

Malam ya tambaye ta suna da addini. Ta ce sunanta ba abin faɗa ba ne, amma ita Musulma ce. Ya ce to Musulmi ba ya zaluntar yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

"Ni ma ɗana bai san komai ba," in ji muryar. "Tun da aka ɗora motar nan muke ƙarƙashinta. Ba mu taɓa ko cokalin gidan nan ba. Wancan yaron ya saki ƙarfe a kan bayan ɗana, bai ambaci Allah ba balle mu kauce. Baya ya karya mini, baya zan karɓa."

Garzali yana tsaye jikin bango, ya matso ya durƙusa. Ya ce shi ya yi laifin, a ɗora masa, a bar ƙanwarsa. Malam ya ɗaga hannu ya dakatar da shi, sannan ya gaya wa aljanar ba za ta karɓi bayan kowa ba, kuma in ta ƙi fita zai ci gaba da karatu har asuba. Ta nemi a bar mata motar dungurungum, ya ce gidan mutane ba mazauninta ba ne. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira sallah a masallacin unguwa. Daga ƙarshe muryar ta yi sanyi, ta ce tana da 'yan'uwa a bakin kogi, amma ɗanta ba ya iya tafiya.

"Wanda ya karya shi, shi zai kai mu, a motarsa. Duk abin da ɗana ya ji a hanya, ƙanwarsa za ta ji. In mun sauka, na sake ta, na rantse da wanda ya halicce ni."

Malam ya sa ta maimaita rantsuwar, sannan ya ce wa Garzali ya yi sallah ya ɗauko makulli.

Da ya tayar da injin, wurin da kujerar baya take a da ya yi nauyi, motar ta ƙara zama. Ya fito da ita a giya ɗaya. A lokacin ne ya gane abin da ya yi da hannunsa. Sifirin ɗin da yake alfahari da su ba sa yafe ko tsakuwa. Duk ɗan tudu, duk ɗan gargada, sai ya ji nishin nan a bayan ƙeyarsa. Masu babur suna wuce shi suna dariya, wani mai tura baro ma ya sha gabansa. Motar da ya yi watanni yana shiryawa don ta tsere wa kowa a titin Gaya, ga shi yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike, hawaye na sauka masa a gemu.

Gab da gada fitilar wata babbar mota ta kashe masa ido, tayar baya ta faɗa wani rami. Ƙarar da ya ji a bayansa ba zai manta da ita ba har ya mutu. Ya tsaya yana ba da haƙuri, shi kaɗai a mota, sannan ya gangara a hankali zuwa bakin ruwa. Ya buɗe ƙofa, ya yi bismillah. Motar ta ɗan ɗago, kamar an sauke mata buhu.

Da ya dawo gida ya tarar da Radiyya tsaye a bakin ƙofar ɗaki, miƙe sambal, kanta na shafar katakon sama, Dije na riƙe da hannunta tana hamdala. Ya kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta fara magana, da muryarta ta ainihi, a gajiye.

"Yaya, ka yi ƙoƙari. Amma ramin nan na bakin gada, ai da ka kauce masa."