Karen Keji na Huɗu

Mai shara ce ta fara ganinsa, wajen ƙarfe bakwai na safe. Baba Mai Keji yana kwance ruf da ciki tsakanin kejin karnuka da famfo, ƙeyarsa a fashe, jini ya bi siminti ya daskare, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Ta yar da tsintsiya ta fita titi tana salati.

Wurin na hukumar lafiya ta birni ne. Duk karen da ya ciji mutum, nan ake kawo shi a tsare kwana goma. In ya cika kwanakin lafiya lau, wanda aka ciza ya tsira. In ya haukace ko ya mutu, sai a yi maza a yi wa mutumin allura, don ciwon haukan kare in ya bayyana a jiki, har mutum ya kasa haɗiye ruwa, sai dai likkafani. Allurar kuwa ta yi ƙaranci, shi ya sa in kare yana da takardar rigakafi akan ce a jira a gani. Shekara ashirin da biyu Baba yana wannan gadi, kare bai taɓa ko yagar wandonsa ba. Ɗan'adam ne ya gama da shi.

Sufeto ya iso shi da Kofur. Gajere ne mai nauyin jiki, ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko da ana ruwa. Ya tsuguna ya duba gawar: bugu biyu a ƙeya, ɗaya a hannu, yatsu uku sun karye. Sandar ƙarfen da ake kama karnuka da ita tana yashe a gefe, jini da furfura a gindinta, gashin kare a zargen bakinta. Gawar ta sandare, tun jiya da yamma ke nan.

Sai ya juya wajen famfo, ya daɗe yana kallo. An jawo kujera 'yar tsuguno an ajiye a gabansa. Kumfa mai ruwan hoda ta bushe a kwata. A bakin siminti ga guntun sabulu, bai fi farce kauri ba.

"Wannan sabulun na yaushe ne?" ya tambayi mai shara.

"Sabo fil na ajiye jiya da safe, yallaɓai. Wata guda yake yi wa Baba."

Hayaniya ta tashi a ƙofa. Wata mata ce take kokawa da Kofur, awon tela rataye a wuyanta.

"Sake ni! Yallaɓai, wancan karen ba shi ba ne!"

"Baiwar Allah, kisa ake bincike, ba kare ba," in ji Kofur.

"Ƙyale ta," Sufeto ya ce. "Wane kare?"

Ta nuna keji na huɗu, inda wani jan kare yake kaɗa jela yana lasar ruwa.

"Kwana shida ke nan da jan karen makanikin layinmu ya ciji 'yata a ƙafa. Shekararta bakwai. Aka ce yana da takarda, mu jira. Kullum da safe sai na zo na leƙa shi. Jiya ya ƙi ruwa, yana cizon ƙarfe, yawu yana dalala. Baba ya ce yau zai kai rahoto, in kawo yarinya."

"Ja ne wancan, ja ne wannan. Ta yaya kika bambanta su?"

"Ni na ɓamɓare bakinsa daga ƙafarta. Da almakashina na datse masa kunnen hagu. Dubi wannan, kunnuwansa ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya tura Kofur ramin ƙona shara da ke bayan katanga. Ba a yi minti goma ba ya dawo yana toshe hanci: jan kare, rabinsa ya ƙone, wuya a shaƙe, kunnen hagu guntu.

Sufeton da ba ya sauri, ranar ya yi. Ya tsallaka da matar zuwa ɗakin allura, wanda ke haraba ɗaya da gidan kejin. Nas ta buɗe firij, ta tsaya hannu a ƙofa, ta sake dubawa.

"Kwalba huɗu suka rage mana. Jiya da rana na gan su da idona. Babu ko ɗaya."

"Wani asibitin fa?"

"Mu ne muke ba su. Sabon kaya sai nan da mako biyu, in Allah ya sa."

Telar ba ta yi kuka ba. Ta zame ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Kuka ma ya fi wannan sauƙin kallo.

Aka fara da makaniki. An kawo shi da baƙin mai har gwiwar hannu, yana zuwa yana kumfar baki.

"An ce ka zagi Baba ranar da aka ɗauke karenka."

"Na zage shi, ban musa ba. Zagi kisa ne?"

"Cire riga. Naɗe wando."

Ya cire yana ƙunƙuni. Babu ciwo sai tsohon tabon ƙuna.

"Yaushe aka yi wa karenka rigakafi?"

Ya sosa kai. "Gaskiya, allura dai ban gani ba. Lokacin da aka yi shelar za a bi gida-gida, wani ya kawo mini takarda a gareji da hatimi a kanta. Duk layinmu haka aka yi. Na ce to, aiki ya yi sauƙi."

Sufeto ya karɓi takardar ya duba sa hannun, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Na biyu shi ne mai kamun karnukan hukuma, wanda ake kira Tarko. Hannuwansa duk tabo, amma babu sabo ko ɗaya. Da ya ga gawar Baba sai ya fashe da kuka kamar yaro, ƙaton mutum da shi.

"Wannan na keji na tara ne," ya ce da aka nuna masa jan karen da ke keji na huɗu. "A bola na kamo shi shekaranjiya. Wa ya mayar da shi huɗu?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Sandar nan taka ce?"

"Tawa ce, amma ba ni na riƙe ta ba. Dubi, ba a danna makullin zargen ba. In ba ka danna ba, kare yana juyowa ya kama ka a ƙafa. Ko sabon shiga ya san wannan."

"In an cije ka, allura nawa kake bukata?"

"Ni ai an yi mini tun farkon shekara. Ƙa'idar aikinmu ce."

Nas kuwa daga ƙarfe biyu har faɗuwar rana tana unguwar bayan kasuwa tana yi wa jarirai rigakafi, uwaye sun fi talatin da za su shaida. Mutum uku ne suke taɓa makullin firij: ita, da Tarko mai ajiye samfuri a ciki, da Dakta, shugaban sashen dabbobi.

Dakta yana ofishinsa bayan babban tebur, fanka tana juyawa a kansa. Ya miƙo hannu daga zaune.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Rashi ne babba. Baba ubanmu ne duka."

"Allah ya jiƙansa. Ina kake jiya da yamma?"

"Gida. Ranar hutuna ce."

"Sa hannunka ne a takardar nan?"

"Dubbai nake sa wa hannu. Ma'aikata ne suke fita yin allurar."

"Me za a yi wa yarinyar?"

"Wace yarinya? Au. Ai sai a jira sabon kaya. Cizon ƙafa yana da nisa da ƙwaƙwalwa, akwai lokaci."

Akwai lokaci! 'Yar wani ce, shi ya sa. Sufeto ya yi godiya ya miƙe, Dakta bai tashi raka shi ba.

A baranda Nas ta tare shi da robobin ƙanƙara biyu, irin waɗanda ake jerawa a kula don kada allura ta lalace.

"Yallaɓai, taɓa ka ji. Ruwa ne zalla, ko sanyi ba su gama ɗauka ba. A ɗakin ƙanƙara na same su. Daskararru biyu kuma sun ɓace, da ƙaramar kula ɗaya."

"Ƙanƙarar nan awa nawa take yi?"

"Yini guda, in ba a bar ta a rana ba."

Wato ɓarawon ya dawo da safiyar nan ya yi canji. Sufeto ya dubi haraba. A jikin bango, inda rana take dukan ƙasa, an rubuta wurin ajiye motar shugaba da farin fenti, babu mota. Farar motar tana can ƙarshen haraba, an cusa ta ƙarƙashin bishiya kusa da kwandon shara.

"Kullum can yake ajiyewa?"

"Shi? Ya taɓa korar direba don ya tsaya masa a wuri. Yau ne farau."

Sufeto ya ɗaga murya yadda za a ji ta tagar ofis. "Kofur! Nemo mini ƙarfe. Duk motar da ke harabar nan za a buɗe but ɗinta a bar shi a rana har mu gama."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kafin Kofur ya dawo, Dakta ya fito da makulli a hannu yana taka ƙafar dama a hankali.

"Ana nemana a hedikwata."

"Buɗe but ka tafi."

"Kana da takardar kotu?"

"Ina da gawa, da yarinya."

Dakta ya faɗa mota ya tayar. Ya yi baya da ƙarfi, ya kwashe Kofur ya maka shi da kwandon shara. Sufeto ya ɗauki bulo ya tarwatsa gilashin gefe, ya cusa hannu ya murɗe makulli, ya finciko mutumin ta wuyan riga. Dakta ya zaro almakashin tiyata daga aljihu ya kai masa suka, ya tsarge shi daga kunci zuwa haɓa. Sufeto bai ja da baya ba. Ya sa takalmi ya taka masa sha-raɓar dama da duk nauyinsa. Ƙarar da Dakta ya yi har karnuka suka amsa. Jini ya ɓullo ta farin wandon. Da aka yage shi, ga bandeji, ƙarƙashinsa ramukan haƙora huɗu.

Kular tana cikin but, an lulluɓe ta da tawul. Kwalba uku cike, ɗaya fanko.

Kofur ya taso yana dafe da haƙarƙari, ya ɗaura masa ankwa. "Yallaɓai, tun yaushe ka gane?"

Sufeto ya danne kuncinsa da hankici. "Tun sabulu. Wanda ya kashe mutum yakan ɗauraye hannu ya gudu. Wannan ya jawo kujera ya zauna kusa da gawa har sabon sabulu ya ƙare. Karanta abin da ke manne a bangon can."

Kofur ya karanta: in kare ya cije ka, wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti goma sha biyar.

"Mutanen gari ba sa kai minti biyu. Sai wanda ya taɓa ganin yadda ciwon yake kisa. Kujerar ta ce a ƙafa ne, Tarko ya ce wanda bai iya sanda ba ne. Ya sa hannu a takardun rigakafin da ba a yi ba. Da Baba ya kai rahoto, kare mai takarda ya haukace, asirin unguwa guda ya tonu. Ya zo ya yi musanya, Baba ya hana, ya fasa masa kai. Kare ya rama wa Baba. Daga nan tsoro ya kama shi, ya kwashe allurar, ya canza ƙanƙara, ya nemi inuwa. Duk ƙa'idar da ya karya a kan mutane, a kan ƙafarsa ko ɗaya bai karya ba."

Dakta yana zaune a ƙasa, idonsa a kan kular. "Sufeto, don Allah. Jibi zan yi ta biyu. Cizona mai zurfi ne. Ka san abin da zai same ni."

"Ai ka ce akwai lokaci."

"Don girman Allah!"

Nas ta ɗauki kular ta rungume. "In aka yi ta a cikin fata, ba a tsoka ba, za ta ishi mutum biyu. Za a yi maka, mu ba ma zaɓe. Amma bayanta."

Aka kawo yarinyar a goye, ƙafa ɗaure da tsumma mai tsabta. Ta ƙwalla ƙara da allura ta shiga, ta ce Nas muguwa ce, Nas ta ce ta ji ta gode. Sufeto ya tambaya a hankali ko an makara.

"Kwana shida," Nas ta ce. "Da sauran fata sosai. Amma ba ni da ikon rantsuwa."

Telar ba ta ji su ba. Ta je famfo ta ciko kofi, ta durƙusa gaban 'yarta.

"Sha."

"Umma, ba na jin ƙishi. Tun safe sau biyar kina ba ni."

"Sha dai, uwata."

Yarinyar ta karɓa ta kafa kai. Uwar ba ta kallon fuskarta, maƙogwaronta take kallo, yana hawa yana sauka, har kofin ya ƙare.