Kuncinsa Na Hagu

Ko juyowa bai yi ba ya miƙo min takardar. Haƙoransa a ɗaure suke da waya, ba ya iya magana.

"Ki tafi. Na fasa auren."

Na yayyaga ta a gabansa.

"Wallahi ba ka isa ba!"

Sati guda ke nan da ƙarfe ya faɗo masa a wurin gini, ya farfasa masa kunci da muƙamuƙin hagu, saura wata biyu aurenmu. Ni kuwa aikina a asibitin shi ne tsara tiyata a kwamfuta. Hoton ƙashi nake aunawa, in nuna wa likita inda zai yanka tun kafin ya taɓa wuƙa.

A gida Umma ta tare ni a ƙofar kicin.

"Wai ke ba kya ji ne? Ɗan ƙawata mai kantin magani har yanzu yana jiranki."

"Ya yi ta jira, Umma."

Ashe shi ne ya je har gadon asibiti ya shirga wa saurayina ƙarya, wai na ce ba zan iya kallon fuskarsa ba. Wata nas ce ta tsegunta min.

Washegari da na nemi a ba ni tsara tiyatarsa, babban likita ya girgiza kai.

"Zuciyarki na ciki, bar wa wani aikin nan."

"Ranka ya daɗe, wa ya fi ni sanin fuskar nan? Duba aikina sau goma in ka so."

Ya duba kuwa, har sau uku.

Kwana biyu na yi ina harhaɗa guntayen ƙashi bakwai a allon kwamfuta, ina kwaikwayon gefen dama mai lafiya. Da injin ƙera samfuri ya fitar da ƙashin fuskar na roba, na kai wa saurayina na dire a cinyarsa.

"Masoyi... ni za ka ɓoye wa fuska? Ni da na leƙa har cikin ƙoƙon kanka?"

Dariya ta kama shi, zafi ya sa shi hawaye. Ya damƙe hannuna, ya ƙi saki.

Awa shida aka yi ana tiyatar. Tabo ya rage a ƙarƙashin haɓa, leɓensa kuma har yau ba ya ji sosai.

Ko kwana ɗaya ban yarda an ɗaga auren ba.

Ranar da ya zo gaishe da Umma a matsayin suruki, ta daɗe tana kallonsa, fuska a murtuke. Can ta ja ni gefe.

"Ke... wai wane gefen ne ma ya fashe?"

"Canka, Umma."